Bob Marley Biyu: Na Duniya da Na Ɗakin Yaya

A hutun Babbar Sallar bara ɗan Yayana marigayi ya ɗauke ni a motarsa daga Zariya zuwa Kaduna. Muna barin Kwangila ya haɗa wayarsa da rediyon motar, sai ga muryar Bob Marley. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Baffa, don kai na sa. Umma ta ce Abba ba ya jin kowa sai wannan mutumin." Na ce masa gaskiya ta faɗa. Faifan da ya sa shi ne Legend, wanda duk mai neman Marley a waya yau da shi zai fara cin karo. Muka saurare shi daga farko har ƙarshe, amma har muka shiga Kawo ban ji ko waƙa ɗaya daga cikin waɗanda mahaifinsa yake maimaitawa har kaset ya tsinke ba. Da na tambaye shi ko ya san wani faifai mai suna Survival, sai ya ce bai taɓa jin sunansa ba.

Abin ya tsaya mini a rai fiye da kima. Yaron bai yi laifin komai ba, abin da duniya ta ce shi ne Bob Marley, shi ya sa mini. Ni ne na shafe shekara arba'in ina zaton Marley ɗin da na sani shi kowa ya sani. Ashe su biyu ne, kuma akwai tarihin yadda suka zama biyu.

A 1982 na fara jin sa, ina aji shida na firamare, a ɗakin Yaya da ke zauren gidanmu a Tudun Wada. Yaya yana jami'a a Samaru a lokacin, yana da rikoda mai cin batir shida, da wani kaset mai minti 90 da wani mai shago a Sabon Gari ya naɗa masa daga faifan garmaho. Babu hoto, babu jerin sunayen waƙoƙi, sai "Bob Marley" da aka rubuta da jan biro. Sai bayan shekaru na gane cewa gefe ɗaya Rastaman Vibration ne na 1976, ɗaya gefen kuma Survival na 1979. Kowannensu bai kai minti 40 ba, gefen kaset kuwa minti 45 ne, don haka mai shagon ya cike gurbin da Shata, wanda kaset yake datse masa numfashi a tsakiyar baiti. Har yau in na gama sauraren Survival kunnena yana jiran kalangu.

A unguwarmu ra'ayin jama'a kan Marley bai wuce kalma uku ba: kiɗan 'yan wiwi. Haka Baba yake kiran sa, kuma da an ji takunsa ya dawo daga masallaci Yaya zai rage murya. Shi Yaya ko sigari bai taɓa sha ba. Abin da ya ja shi kalmomin ne, kuma shi yake fassara mini su, domin Turancin Jamaika ba irin wanda ake koya mana a aji ba ne. In aka zo kan Haile Selassie da abin da 'yan Rasta suka ɗauke shi, sai ya ce, "Wannan tsakaninsu da Allah, kai dai ji sauran." Sauran kuwa su ne bauta, da mulkin mallaka, da 'yan siyasa masu raba wa matasa bindiga, da Afirka. Ban san Marley yana waƙar soyayya ba sai da na shiga sakandare.

Gyara Marley don kunnen baƙi ba bayan mutuwarsa aka fara ba, yana raye aka fara, kuma da hannunsa a ciki. A 1972 shi da abokansa na ƙungiyar Wailers, Peter Tosh da Bunny Wailer, suka sami kansu a Landan aljihu babu nauyi. Sun kusa shekara goma suna naɗar waƙa a Kingston, da farko a Studio One na Coxsone Dodd, daga baya tare da Lee Perry, sun yi suna a gida amma ba su tara komai ba. Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya ba su fam 4,000 ya ce su je su yi masa faifai. Suka koma Kingston suka naɗa, Marley ya kawo aikin Landan. A Ingila ta wancan lokacin kiɗan rege a ƙananan faya-faye masu waƙa ɗaya a kowane gefe ake sayar da shi, kuma ɗalibai Turawa masu sayen manyan faya-faye na kiɗan rok ba su ɗauke shi da daraja ba. Su Blackwell yake nema. Sai ya kira wani Ba'amurke mai kaɗa jita daga jihar Alabama, Wayne Perkins, da wani mai fiyano, John Bundrick, suka ɗora nasu a kan abin da aka naɗo daga Jamaika. Aka yi wa faifan kwali mai siffar kestun Zippo, ana buɗe shi kamar za a kunna wuta. Shi ne Catch a Fire, ya fito a watan Afrilun 1973.

A 2001 kamfanin ya fitar da ainihin naɗin Kingston, wanda ba a ɗora wa komai ba, tare da na Landan. Na same su da daɗewa bayan haka, kuma na zauna saurare da hukuncina a aljihu: na gida ne zai fi, Bature ya ɓata miya. Ban sami abin da nake nema ba. Naɗin Kingston ya fi sarari, ana jin gangar Carlton Barrett da babbar jitar wansa Aston kamar suna cikin ɗaki tare da kai, amma jitar Perkins a waƙar "Concrete Jungle" ba ƙari ba ce da aka liƙa, kamar dama gurbinta yana nan yana jira. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗauka labarin nan na mugun ɗan kasuwa ne da mawaƙi marar wayo. Marley yana ɗakin ana wannan aikin, kuma yana son duniya ta ji shi.

Duniya kuwa ta fara ji. A 1974 Eric Clapton ya sake rera "I Shot the Sheriff" ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Tosh da Bunny suka kama gabansu, mata uku masu amshi suka maye gurbinsu, Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt. A 1976 Rastaman Vibration ya shiga sahun faya-faye goma da suka fi kasuwa a Amurka, kuma shi kaɗai ne ya yi haka yana raye. A cikinsa akwai "War", wadda kusan dukkan kalmominta daga jawabin da Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 aka ɗauko su. Wannan ita ce waƙar da Yaya ya fi mayar da kaset baya a kanta. Don kada batir ya ƙare, ni ake ba wa biro in juya.

Ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka shiga gidan Marley mai lamba 56 a titin Hope Road. Ana saura kwana biyu a yi wani wasa mai suna Smile Jamaica, ana kuma saura 'yan kwanaki zaɓe tsakanin jam'iyyar Firayim Minista Michael Manley da ta Edward Seaga, kowace da 'yan dabarta. Harsashi ya goge shi a ƙirji ya shige damtse, an sami Rita a kai, manajansa Don Taylor ya sha harbi da dama. Babu wanda ya mutu. Marley ya hau dandali bayan kwana biyun da rauninsa, sannan ya bar ƙasar. A Landan ya zauna, a can kuma ya naɗi Exodus, wanda ya fito ranar 3 ga Yunin 1977 ya shafe makonni 56 a jere a jadawalin Ingila. A 1999 mujallar Time ta ce shi ne faifan da ya fi kowanne a ƙarni na 20. A shekarar ce Shata ya rasu, kuma na tuna na yi dariya ni kaɗai da na ji hukuncin mujallar, ina tunanin mutanen da suka yanke shi ko sunan Mamman Shata ba su taɓa ji ba, balle Narambaɗa. Ƙarnin nasu daban, namu daban.

A nan ni da duniya muka fara raba gari. Exodus faifai biyu ne a kwali ɗaya. Gefen farko na mutumin da aka harba ne: "Natural Mystic" tana shigowa a hankali kamar hadari daga gabas, sai "So Much Things to Say", da "Guiltiness", da "The Heathen", sannan waƙar da faifan ya ci sunanta, mai kusan minti takwas, wadda babbar jita take tafe da ita kamar ayari. Wannan gefen ba ni da ta cewa a kansa, ya cancanci duk yabon da aka yi masa. Da ka juya faifai sai ka tarar da wani mutum daban, yana rawa, yana zawarci, yana lallashin mai damuwa: "Jamming", "Waiting in Vain", "Turn Your Lights Down Low", "Three Little Birds", "One Love". Na fara jin wannan gefen ina ɗan shekara goma sha biyar, na ce wa abokina ba Marley ba ne, wani ne yake kwaikwayon muryarsa. Har yanzu "Three Little Birds" ba ta shiga raina ba. Na san miliyoyin mutane sun sami sauƙi a cikinta, a asibiti, a gidan makoki, a filin ƙwallo, kuma ba na raina wannan. Ni dai in ta taso ji nake kamar tallan sabulu. "One Love" kuwa, da BBC ta zaɓa a matsayin waƙar shekara dubu, tun 1965 Wailers suka fara naɗa ta da kiɗan ska mai sauri, kuma waccan tsohuwar ta fi mini rai.

Ba ni kaɗai na taɓa wannan ƙorafin ba. A zaman Landan ɗin nan ne aka naɗi waƙoƙin Kaya, wanda ya fito a 1978, cike da soyayya da yabon ganye. Ya yi kasuwa a Ingila, amma masu sharhi da yawa suka ce Marley ya yi laushi, ya sayar da gwagwarmaya. Wato abin da ake yabo a yau, a lokacin shi ake zargi. A shekarar ya koma Jamaika, ya haɗa hannun Manley da na Seaga a kan dandali ranar 22 ga Afrilu, a ƙarshen shekarar kuma ya ziyarci Habasha. Abin da ya biyo baya shi ne Survival, a watan Oktoban 1979, wanda aka naɗa a ɗakin naɗar sautinsa na Tuff Gong a Kingston. Babu waƙar soyayya ko ɗaya a ciki. Kwalin, wanda Neville Garrick ya tsara, tutocin ƙasashen Afirka ne a jere, an rubuta sunan faifan a kan zanen cikin jirgin ruwan bayi, inda aka shimfiɗa mutane kamar kifi a tire. "Ambush in the Night" a kan harbin da aka yi masa take. "Babylon System" a kan tsarin da ke shan jinin talaka. Sai "Africa Unite", sai "Zimbabwe". Da ya tashi yawon tallata faifan, a gidan wasa na Apollo da ke Harlem ya fara, domin abin da ya daɗe yana damunsa shi ne mafi yawan masu zuwa kallonsa a Amurka Turawa ne, baƙaƙen fatar can ba su karɓe shi ba tukuna.

Mu kuwa mun karɓe shi, kuma dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san Nijeriya ta waɗannan shekarun. A watan Janairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ya goyi bayan MPLA ta Angola, ya ƙi bin abin da Amurka take so, bayan wata ɗaya aka kashe shi. A 1977 aka yi FESTAC a Legas, aka yi hawan dabarsa a Kaduna. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP, ana tsakiyar taƙaddama da Birtaniya kan Rodeshiya da Afirka ta Kudu. Ɗalibin jami'a a Samaru a lokacin ya san Soweto da Steve Biko kamar yadda ya san unguwarsu. Saboda haka da Survival ya iso, bai zo wa su Yaya a matsayin kiɗan wani tsibiri mai nisa ba, ya zo kamar wani ya sa wa muhawarar da suke yi a ɗakin kwana ganga.

Sai kuma abin da ya auku ranar 17 ga Afrilun 1980. An gayyaci Marley bikin 'yancin kan Zimbabwe, ya ɗauki nauyin jigilar kayan kiɗansa da kansa. A filin wasa na Rufaro, a birnin da a lokacin ake kira Salisbury, aka sauke tutar Birtaniya da tsakar dare a gaban Yarima Charles da Robert Mugabe, sannan Wailers suka hau. Jama'ar da aka bari a waje suka danno ƙofa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, wasa ya tsaya na ɗan lokaci kafin a ci gaba. Washegari ya sake wani wasan don talakawa. Yaya yana ba da wannan labari kamar yana wurin. A wajensa shi ne ƙololuwar rayuwar Marley, duk sauran share fage ne.

Bayan wata biyar Marley ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a New York. Cutar dajin da aka gano a yatsan ƙafarsa tun 1977 ta bazu. Ya yi wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ranar 23 ga Satumba 1980, ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayun 1981 yana da shekara 36.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya tafi wani ne zai zaɓi wadda za a ji. Bayan shekara uku kamfanin Island ya ɗora wa Dave Robinson, wanda ke shugabantar harkarsa a Ingila, aikin tattara fitattun waƙoƙin marigayin a faifai ɗaya. Robinson bai ɓoye abin da ya yi ba, ya sha faɗa wa 'yan jarida daga baya. Ya lura cewa sunan Marley ya fi cinikinsa girma, sai ya sa aka yi binciken kasuwa a tsakanin Turawa masu zaman unguwannin bayan gari, aka gano suna son kiɗan amma suna ɗari-ɗari da siyasar, da addinin, da ganyen. Ya zaɓi waƙoƙi da hoto daidai da haka. Hoton da ke kwalin Legend na mutum ne mai natsuwa, ya tallafe haɓa yana tunani. Faifan ya fito a watan Mayun 1984, ya yi makonni 12 a matsayi na ɗaya a Ingila, an sayar da fiye da kwafi miliyan 25 a duniya, kuma a jadawalin Billboard na Amurka faifai ɗaya ne kawai, na ƙungiyar Pink Floyd, ya fi shi daɗewa.

A ƙirga waƙoƙi 14 na ainihin faifan a gani. Biyar daga Exodus suke, kuma huɗu daga cikinsu daga gefe na biyu, gefen rawa da lallashi. Biyu daga Kaya, faifan da aka ce ya yi laushi. Daga Rastaman Vibration, wanda ya fi kowanne tashe a Amurka yana raye, babu ko ɗaya. Daga Survival babu ko ɗaya. Kaset ɗin Yaya, gaba da baya, minti 90 in ka cire na Shata, babu abin da ya tsallaka zuwa Legend. Ba a ce an goge gwagwarmayar ɗungum ba, "Get Up, Stand Up" tana nan, "Redemption Song" tana nan, "Buffalo Soldier" ma. Amma an zaɓi waɗanda ba su kama sunan kowa ba, waɗanda azzalumi da wanda aka zalunta za su iya rerawa tare a wurin biki. Afirka ta zahiri, mai tuta da iyaka da yaƙi, an bar ta a waje.

Daga nan abu ya riƙa haihuwar kansa. Wanda ya sayi Legend yana saurayi a 1984 shi ne editan mujalla a 1999. Da mujallar Rolling Stone ta jera faya-faye 500 da ta ce sun fi kowanne a 2003, na Marley biyar suka shiga, Legend ne a samansu, babu Survival. Fim ɗin rayuwarsa da ya fito a 2024 sunan "One Love" aka ba shi, kuma shekarun Exodus ya fi mayar da hankali a kai. Manhajar da ke wayar ɗan Yayana kuwa abin da aka fi saurare take turo wa mutum, abin da take turowa kuma shi ake ƙara saurare. Abin da muke kira ra'ayin jama'a a nan yana da ranar haihuwa da ofishin da aka haife shi.

To amma nawa ra'ayin fa, daga sama ya faɗo? Da na dawo daga Kaduna na zauna na saurari Survival sau uku a jere, ina ƙoƙarin jin sa kamar ban san ɗakin Yaya ba. Abu ne mai wuya. Rabin abin da nake ji ba daga faifan yake fitowa ba, ƙamshin fitilar kwai ne, da littattafan da ke zube a tabarma, da muryar mutumin da ya rasu yana tsayar da rikoda ya ce, "Ka ji abin da ya ce?" In Robinson ya zaɓa wa Turawa, ni ma wani mai shago a Sabon Gari ne ya zaɓa mini, wataƙila don faya-fayen nan biyu kaɗai ke gare shi a ranar. Da Kaya ya naɗa wa Yaya, da yanzu wata maƙalar daban nake rubutawa.

Kuma dole in yarda faifan yana da rauninsa. Kiɗan ya fi na Exodus nauyi da kama da juna, waƙoƙi biyu ko uku a tsakiya in ba ka kula ba sai ka ɗauka ɗaya ce. Akwai inda wa'azi ya rinjayi waƙa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da tarihi ya yi wa "Zimbabwe". Shekara uku bayan daren Rufaro sojojin Mugabe suka shiga Matabeleland, aka kashe dubban fararen hula a abin da ake kira Gukurahundi, mutumin kuma ya zauna a kan mulki har 2017. Wasan da Marley ya fara yi a Afirka, a watan Janairun 1980, a Gabon ya yi shi, a ƙarƙashin Omar Bongo wanda ya mulki ƙasar fiye da shekara arba'in. Selassie da ya ɗauko jawabinsa, yunwar Wollo ta 1973 tana cikin abubuwan da suka kayar da shi. Yaya ya rayu ya ga yawancin wannan. Ban taɓa jin ya ce Marley ya yi kuskure ba, amma na lura a shekarunsa na ƙarshe ya daina ba da labarin Rufaro. Waƙar da ta kama suna ita ce take tsufa tare da mai sunan. Wannan ne ma ya sa zaɓin Robinson ya yi ƙarko: tsuntsaye uku ba su taɓa kashe kowa ba.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba, kuma ina ganin ba ƙauna ce kawai ta rufe mini ido ba. Na sake jin "Zimbabwe" da kunnen tsufa, sai na tarar ba kirarin shugaba ba ce. Ba ta ambaci Mugabe ba, ba ta ambaci Nkomo ba, kuma a cikinta akwai gargaɗi kan rikicin mulki tsakanin 'yan gwagwarmaya da kuma masu shigar burtu, abin da ina yaro ban kula da shi ba. "Ambush in the Night" ta bayyana yadda ake sayen matashi da kuɗi da makami a tura shi kan ɗan'uwansa, kuma duk wanda ya ga zaɓe a garuruwanmu ba ya bukatar tafinta. "One Drop" kuwa, in ana maganar kiɗa zalla, ban san inda 'yan Barrett suka fi haka zama daram ba. Kuma akwai shaidar da ba ta bukatar kunnena: zuriyar mawaƙan rege da ta taso a Afirka a shekarun 1980, Alpha Blondy da ya je Tuff Gong ya naɗi Jerusalem da makaɗan Wailers a 1986, Lucky Dube da Slave a 1987, Majek Fashek da Ras Kimono a Legas a 1988, hanyar Survival suka bi, ta magana da masu mulki. Wannan ma ra'ayin jama'a ne, jama'a mai yawan gaske, sai dai ba ta da mujallar da za ta jera sunaye a ƙarshen ƙarni.

Wurin da na sauya shi ne Kaya. Shekara talatin ina raina shi, na gaji rainin daga Yaya, shi kuma ina jin daga mujallun da ke yawo a jami'a ya gaje shi. Wata shekara na yi jinya mai tsawo, ba na iya karatu, ba na son labarai, sai na sami kaina ina maimaita "Running Away" da "Time Will Tell" da "Misty Morning". Babu ɗayansu a Legend, babu kuma wanda zai ji su ya ce mai su yana cikin nishaɗi. Muryar mutum ce da aka harba a gidansa, ya bar ƙasarsa, yana tuhumar kansa ko gudu ya yi. Masu sharhin 1978 sun ji waƙoƙin soyayya biyu-uku sun ce ya yi laushi, Robinson ya ɗauki waɗannan ɗin ya sayar, ni kuma na ƙi faifan gaba ɗaya saboda su. Dukkanmu ba mu kai ƙarshen gefe na biyu ba.

Bayan mako guda da tafiyarmu na tura wa yaron Rastaman Vibration da Survival ta WhatsApp, na ce ya ji su a jere, a haka mahaifinsa yake jin su. Ban yi masa bayanin Robinson ba, ban kuma ce masa Legend ƙarya ne ba, don ba ƙarya ba ne. Ya yi kwana huɗu shiru. A rana ta biyar ya aiko da saƙon murya, ana jin ƙarar hanya a bayansa. Ya ce, "Baffa, na ji. Gaskiya sun yi mini nauyi, ban gama na biyun ba. Amma akwai wata 'Johnny Was', ta matar da aka harbe ɗanta a titi, ita na yi ta maimaitawa. Abba yana son ta?"

Na daɗe ina tunani kafin in ba shi amsa. Tana kan kaset ɗin, a gefen farko, na tabbata. Amma ban tuna Yaya ya taɓa miƙo mini biro a kanta ba.